Yankan Barau

Talatar Mafara, goma ga Rajab, shekara ta 1283 bayan Hijira

Da sunan Allah Mai rahama. Daga gwaggonka Lantana, ƙanwar Barau Sarkin Fawa, zuwa ga ɗana Atiku ɗan marigayi Abdu, mai karatu a Bakura.

Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Ina lafiyarka, ina lafiyar malaminka da iyalinsa? Yaya karatu, yaya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ƙafar Baffanka Barau ta yi sauƙi, har ya koma fita kara sayen shanu da kansa. Kada ka yi dariyar rubutuna. Matar da ta koya mini ajami ta ce hannuna ya fi dacewa da muciya, amma na gwammace in yi karkataccen rubutu da in kai maganar gida bakin wani.

Zancen Malam Nagode ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san shi ke yanka wa mahautan garin nan tun ba a haife ka ba, tunda mutanenmu ba sa cin abin da mahauci ya yanka da hannunsa. Malami ya sa wuƙa, mu mu feɗe mu sayar, haka muka tarar. To tsufa ya kama Malam, hannunsa rawa yake yi. Talatar da ta wuce Yaya Barau ya kayar da wani farin bijimi da ya yi wata biyu a turke yana cin dusa. Tun ranar Litinin masu kalangu suka zaga gari suna yabon kitsensa. Malam ya sa wuƙa, ya ja rabi, sai ta kuɓuce masa ta faɗa cikin jini. Kafin a lalubo ta, a goge, a miƙa masa, an daɗe. Wani ya ce ya halatta, wani ya ce ya zama mushe. Kasuwa kuwa ba ta jiran gardama ta ƙare, ko tsoka ɗaya ba wanda ya taya. Da la'asar aka ja shi bayan gari, ungulu suka ci rabonsu. Yaya ya dawo gida, ko tuwo bai taɓa ba.

Atiku, shekara goma sha biyu ke nan da gidajen fawa shida suka taru a zauren Yaya suka ce sun gaji da roƙon wuƙar wani. Aka duba cikin yara aka ga kai ne mai kaifin kai. Ni na yi maka wanka ranar da za a kai ka. Abin da aka ƙulla shi ne ka yi karatu, ka dawo ka zama mai yanka mana, malaminmu na kanmu. Ba gori nake maka ba. Kakanka da ubanmu ciki ɗaya suka fito, in ban tuna maka ba wa zai tuna maka?

Lokacin ya yi. Bakura zuwa nan tafiyar yini ɗaya ce, ko tsohuwa ta yi sammako za ta yi magariba a gida. Ka nemi izinin malaminka ka zo kafin azumi. Buba mai koren shanu zai kawo maka wannan tare da ƙunshin kilishin da aka saba aika wa malamin naka. Allah ya yi maka albarka.

Bakura, ashirin da biyu ga Sha'aban

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Daga Atiku ɗan Abdu zuwa ga Gwaggo Lantana.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina gaida Baffa Barau, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ina gaida mutanen gida kowa da sunansa. Ni lafiya nake, sai ɗan ciwon ido da duba littafi ya jawo.

Takardarki ta same ni, na ji zafin asarar bijimin. Sai dai a hukunci waɗanda suka ƙi saye su ke da gaskiya, domin in aka ɗaga wuƙa aka yi jinkiri, naman bai ciyuwa. Allah ya mayar da alheri.

Zuwa kuwa, Gwaggo, yanzu ba zai yiwu ba. Ina tsakiyar nahawu, kuma wanda ya saki nahawu a tsakiya sai ya koma farko. Muna kan babin kalmomin da Larabawa ke faɗin zama da su, wane ya wayi gari ya zama kaza, wane ya yini ya zama kaza. Kwanan baya wani Balarabe ɗan kasuwa daga Magrib ya sauka a gidan Malam, ya ji muna bita. Ya ce kakanninsa daga Andalus aka koro su, shi kuma yana jin harshen Sifaniyawa, Nasaran da suka gaje ƙasar. Ya ce su kowane irin zama da kalmarsa. Wanda ya zama abu da guminsa, kamar malami ko attajiri, kalmarsa dabam. Wanda halinsa ya juye ba da sonsa ba, kamar mahaukaci, dabam. Wanda ya sauya na ɗan lokaci, kamar mai fushi ko mai zazzaɓi, dabam. Sai wanda aka bari da abin da ya rage masa, kamar makaho ko maraya, shi ma tasa dabam. Ya faɗi lafazinsu ban riƙe ba, amma maganar ta zauna mini. Ni zama na farko nake nema. Na ƙarshen an riga an yi mini shi ba tare da an tambaye ni ba.

Kin ce ba gori kike yi ba. To ni ma ba gori nake yi ba. Lokacin da Inna Indo ta rasu, sai bayan arba'in aka gaya mini, wai kada karatu ya katse. A lokacin ma tafiyar yini ɗaya ce. Shekarata goma sha ɗaya, na yi kukan uwata a bayan rumbun mutane. Ranar na gane ba ni aka aiko Bakura ba, wuƙa aka kawo wasawa.

Ina da roƙo biyu, kada ki ji haushi. A daina aiko da kilishi. Kuma Buba ya daina zuwa ƙofar makaranta. Wancan zuwan ya tsaya gaban ɗalibai ya ɗaga murya ya ce, "Ina ɗan rundawanmu? Shi hito, ga saƙon gida!" Kin san sunan rundawa, wato mu mahauta, a kunnen mutanen nan abin raini ne. Shekara takwas na yi kafin a daina matsawa in na zauna, ana toshe hanci wai ana jin ƙarnin jini. In akwai saƙo ya ba mai sayar da takarda a kasuwa, zan karɓa.

Malam ya ce alƙalin Maradun na neman mai taya shi duba littattafai. Ba a yanke komai ba tukuna. Ku yi haƙuri ku nemi wani ya riƙe muku kafin in ga yadda Allah zai yi.

Talatar Mafara, tara ga Shawwal

Daga Lantana zuwa ga Atiku. Barka da shan ruwa, barka da salla. Ina fata idon ya warke. Mu muna nan yadda muke.

Na karanta takardarka sau uku. Maganar Indo gaskiyarka ce. Ni na ce a aika maka, maza suka rinjaye ni, ni kuma na yi shiru, kuma har gobe shirun yana cina. Wannan na ɗauka. Sauran kuwa ban ɗauka ba.

Wai wuƙa aka kai wasawa. Yaya Barau da ya goya ka a kafaɗa zuwa masallacin Juma'a, wuƙa ya goya? Kilishin da ka ce a daina, malaminka shekara goma sha biyu yana ci, ban taɓa jin ya aiko cewa ya ji ƙarni ba. An daina. Buba ma ya ce in gaya maka ya ji, ba zai ƙara ɓata maka ƙofa ba.

Balarabenka ya iya magana. Mu a mayanka zama biyu muka sani, dabba ta zama nama ko ta zama mushe, kuma abin da ke tsakaninsu hannun mai wuƙa ne. Shi muke nema, ba kalmomin Nasara ba.

Ka ce mu nemi wani. An samu. Malam Nagode ya kwanta, rabin jikinsa ya shanye, ko magana ba ya iyawa. Ka tuna baƙin mahautan da na ce sun sauka bayan kasuwa bara? Ban gaya maka ba ashe. To suna nan, kuma suna da suruki malami, Maikuɗi sunansa, shi sarkin kasuwa ya ba wuƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Da sassafe yakan yanka wa surukansa, namu kuwa sai rana ta take. Kafin mu gama fiɗa mutanen ƙauye sun sayi namansu sun kama hanya, mu a bar mu da ƙuda. Naman wuyan da akan ba mai yanka, shi har kafaɗa yake sa a zarce masa.

Talatar nan Yaya ya kayar da sa tun hantsi, ya tsaya a kansa da igiya a hannu. Mutumin da sarki ya naɗa, mai furfura, yana tsaye yana jiran yaron da bai kai ɗansa ba. Da ya aika a tuna masa, Maikuɗi ya zo yana sakace haƙori ya ce, "Ka yi haƙuri, Sarkin Hwawa, hannu guda gare ni. Ba an ce kuna da malami Bakura ba? Ku kira shi mana." Mutane suka yi dariya. Ina rumfar masu kai da ƙafa ina ji, wallahi na so ƙasa ta tsage.

Ban gaya wa Yaya abin da ka rubuta ba. Na ce masa kana ƙarasa wani littafi. Kullum Buba ya dawo sai ya tambaye shi ko ka yi ƙiba. Ban san iya kwanan da zan yi ina rufa maka ba. Ka zo, Atiku. Nahawun ba gudu zai yi ba.

Talatar Mafara, sha huɗu ga Rabi'ul Awwal, 1284

Daga Lantana zuwa ga Malam Atiku, a Maradun. Ina gaisuwa, ina lafiya, yaya damina?

Wata biyar ban ga amsarka ba. A bakin Buba na ji ka bar Bakura, ka zama muhutin alƙalin Maradun, kana zaune a gefensa kana buɗe masa littafi. Allah ya sa alheri. Ya kuma ce a can da ɗan falke aka san ka. Abdu dai bai taɓa fatauci ba, a kan fatar sa ya tsufa, amma ba wannan ya kawo ni ba.

An yi abu. Talatar da ta wuce Yaya ya kayar da sa da safe. Maikuɗi ya gama da surukansa ya wuce wani suna a cikin gari, ya ce a jira shi. Aka jira har azahar. Ka san dabba in ta daɗe a ɗaure a kwance cikinta kumbura yake yi. San ya fara kakari, idonsa ya juye, ga hadari ya haɗo. Aka aika sau biyu, Maikuɗi yana cin tuwon suna. Yaya ya duba gabas, ya duba san, ya ce ba zai ƙara ciyar da ungulu ba. Ya juya shi alƙibla, ya yi bisimilla da ƙarfi kowa ya ji, ya yanka. Ja ɗaya, Atiku. Shekara arba'in yana kallon yadda ake yi.

Maikuɗi ya iso ya tarar ana fiɗa, ya ɗora hannu a ka yana salati, wai mahauci ya ciyar da Musulmi mushe. Sarkin kasuwa ya hana sayarwa, magana ta kai gaban alƙalin garin nan. Alƙali bai zalunce mu ba. Ya ce littafi bai hana mahauci yanka ba, amma mutane na cewa mai yini cikin jini ba a san yadda sallarsa take ba. Ya ce Barau ya kawo shaidar malamin da ya san shi, a rubuce, cewa mai salla ne kuma yankansa ya halatta. Ya ba shi Talata uku. Kafin nan ba shi ba rumfa.

Mun zaga malaman gari. Kowa ya san Yaya a sahun farko, amma ba mai son ɓatawa da ɗan'uwansa malami saboda mahauci. Wannan ya ce idonsa, wancan ya ce tawadarsa ta bushe. Nagode da zai faɗa, baki ya mutu.

Don haka na sauko. Ban ce ka zo ba. Ban ce ka bar kujerarka ka riƙe wuƙa ba, wannan na cire rai. Layi biyu nake roƙo. Ka rubuta cewa ka san Barau, ka san sallarsa. A bayansa ka koyi ruku'u. In takardar muhuti ta zo, ba mai sake buɗe baki. In ba ta zo ba, sarautar da rumfar da mutuncinsa duk sun tafi.

Gulbi ya cika, amma Buba ya ce zai bi masu fito ya ƙetare, zai kuma tsaya nesa da zauren alƙali yadda kake so. Yaya ya ce in gaya maka bai damu ba, yana da ɗa.

Maradun, ashirin da shida ga Rabi'ul Awwal

Da sunan Allah. Daga Atiku zuwa ga Gwaggo Lantana, tare da gaisuwa da fatan alheri. Ina gaida Baffa, Allah ya fitar da shi.

Ki gafarce ni da shirun da na yi, aiki ne ya yi yawa. Takardarki ta zo, na kuma rubuta abin da aka nema gwargwadon abin da ilimi ya ba ni. Ga ta nan a naɗe an ɗaure da zare, a miƙa wa alƙali haka nan.

Ki sani duk takardar da za ta fita daga zauren nan sai ta bi ta idon maigidana alƙali, don haka na auna kalmomina. Ban ambaci zumunta ba, don kada a ce son kai ya shiga shaida, a yar da ita. Hukuncin da na kawo a fili yake, ba malamin da zai iya musa shi. Ina ganin zai wadatar, in Allah ya so.

Buba na jira a bakin gulbi, shi ya sa na taƙaita.

Talatar Mafara, uku ga Jimada Awwal

Atiku.

Gaisuwar da zan iya ke nan. Na yi wata guda ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Ranar da Buba ya kawo takardarka Yaya ya karɓa da hannu biyu. Na ce ya bari in kwance in duba, ya ce a'a, Malam ya ce a naɗe. Malam yake ce maka. Ya sa aka wanke babbar rigarsa ta saƙi, ya kira masu kalangu ya ce su jira a ƙofar alƙali. Gidaje shida suka bi bayansa. Ni ma na yafa zane na tsaya a bayan danga inda mata ke tsayawa.

Magatakarda ya kwance zare ya karanta da Larabci, sannan ya fassara. Ka rubuta cewa yankan kowane Musulmi mai hankali da aka san shi da salla halal ne, mahauci ne ko malami. Da aka kai nan Yaya ya waiwaya ya dubi mutanensa yana murmushi, wani mai kalangu har ya taɓa fata. Sai magatakarda ya ce da saura. "Amma mutumin da ake tambaya a kansa, na daɗe ba na garin, ba ni da sanin halinsa."

Maikuɗi ne ya fara magana. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, kun dai jiya. Ɗansu na. Su sunka kai shi karatu, su sunka ciyar da shi. Shi ma yac ce bai san sallatai ba. To mu mi za mu ce?"

Alƙali ya tambayi Yaya ko yana da wata shaida. Yaya ya ce a sake karanta masa ƙarshen. Aka sake. Ya ce shi ke nan, ba shi da wata. Ya tashi ya nemi takalmansa, sai da wani ya nuna masa su, alhali suna gabansa.

Da ba ka rubuta komai ba, da an ce gulbi ne ya hana. Malaman gari da suka ƙi, shiru kawai suka yi, shiru kuwa ba ya kama mutum. Kai ne ka ba su abin karantawa. Yanzu har yara sun haddace. An karɓe sarautar an ba babban baƙin nan. An bar wa Yaya rumfa, amma wa zai sayi nama a hannun wanda ɗansa ya ce bai san sallarsa ba? Talata biyu ya kasa nama, ya kwashe kayansa yadda ya kasa su. Da ma an ce naka shi ke ba da kai.

Ka ce ka ɓoye zumunta don kada a yar da shaida. Na tambaya. An ce shaidar ɗa ga ubansa ake ƙi, ba ta jikan ɗan'uwan uba ba. Ka fi ni sanin wannan, kai ke buɗe littafin. Ba shaidar ka ji wa tsoro ba, rawaninka ka ji wa. Na ji haushinka, Atiku, haushin da ban taɓa ji wa mahaluki ba, kuma na fi jin haushin kaina da na yi ta rufa maka.

Maradun, biyar ga Zulƙida

Da sunan Allah Mai karɓar tuba. Daga Atiku ɗan Abdu mahauci zuwa ga Gwaggo Lantana. Ina gaishe ki, ina gaida Baffa in zai karɓa.

Wata shida takardarki na cikin gafakata. Ban amsa ba don ba ni da abin cewa sai ƙarya, ƙaryar kuma ta ƙare.

Ga yadda aka yi. Ranar da zan rubuta, na fara da cewa na san shi. Alƙali ya leƙo ya ce, "Wane ne wannan Barau, ka san shi?" Zaure cike da mutane. Na ji bakina ya ce na dai taɓa jin sunansa. Daga nan sai na yaga ta farko na rubuta wadda za ta dace da abin da bakina ya faɗa. Na gaya wa kaina hukuncin kaɗai zai isa. Na san ba zai isa ba.

Makon jiya na haɗu da Buba a kasuwa. Ni na bi shi, shi ya kau da kai. Da na matsa ya ce Baffa ya bar gari, kuna Ruwan Gizo, yana noma gonar da aka ara masa. Na koma na durƙusa gaban alƙali na gaya masa komai, cewa ni ɗan mahauta ne, Barau baffana ne, su suka kai ni karatu. Na ɗauka zai ce in tashi in ba shi wuri. Gwaggo, dariya ya yi. Ya ce, "To mahauci ba Musulmi ba ne? Ai na daɗe da sani, malaminka ya gaya mini tun ranar da ya kawo ka." Sannan ya ce in miƙo masa littafin gado, akwai masu jira. Abin da na sayar da Baffa saboda shi ke nan. Da ya kore ni da na fi samun sauƙi.

Na rubuta takarda ta biyu, ga ta tare da wannan, a buɗe, ki karanta. Na ce na san shi, na san sallarsa, a ta farko ƙarya na yi. A kai wa alƙalinku.

Kuma ina roƙon abu ɗaya. Layya saura wata guda. Ku bar ni in zo in bi Baffa zuwa idi, in dawo in yanka masa ragonsa da hannuna a gaban kowa. In gidajen nan shida na so, in zauna in riƙe musu wuƙa kamar yadda aka ƙulla. Na nemi izini an ba ni.

Ruwan Gizo, biyu ga Zulhajji

Daga Lantana zuwa ga Atiku ɗan Abdu. Na amsa gaisuwarka. Muna lafiya. Ruwan garin nan ya karɓe ni, Yaya ne dai ya rame.

Na sa an kai takardarka ta biyu Mafara. Alƙali ya karanta ya ce mai shaidar da ya faɗi magana biyu, duka biyun sun faɗi, kuma wanda aka naɗa an naɗa. Ihu bayan hari ke nan.

Gidaje shida da kake tambaya babu su. Uku sun bi baƙin, suna cin abincinsu, ban ga laifinsu ba. Biyu sun koma Tsibiri. Na shida shi ne mu. Ba wanda za ka riƙe wa wuƙa.

Na ji tausayinka da na karanta zancen dariyar alƙali, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka, ban san ko kai nake yi wa ko mu ba. Shi ya sa wannan karon ban rufe komai ba, na karanta wa Yaya takardarka tun daga bisimilla har ƙarshe. Yana zaune a gindin tsamiya yana ɗaure ƙotar fartanya. Tun ranar da ya bar rumfa bai ƙara taɓa wuƙa ba, ko kaza sai dai a kai wa liman. Akwai rago, ni na kiwata shi da harawar da ya nomo.

Da na gama ya ci gaba da ɗaurinsa. Na ce me zan rubuta wa yaron? Ya ce, "Ki ce mai na gode. Ki ce hukuncin da yar rubuta na ji shi sau biyu, kuma na yarda da shi. Wanda anka san halinai shi ka yanka. Ni ban san halinai ba." Na jira ko zai ƙara, sai ya ce in miƙo masa igiya.

Limamin garin nan zai yanka mana. Kada ka zo ranar salla, Atiku. In wata rana hanya ta biyo da kai, ka yi sallama, za a ba ka ruwa kamar kowane baƙo.